Layin da ke wayarka na aro ne

Duk ɗan Najeriyar da ke hulɗa da banki a yau yana yawo da lambobi uku, kowace mai alƙaluma 11: lambar BVN ta banki, lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, sai lambar wayarsa. Biyun farko nasa ne har ya koma ga Mahaliccinsa, domin an ɗaure su da hoton yatsunsa da fuskarsa, ba a ba wani. Ta ukun kuwa aro aka ba shi. Matsalar ita ce, a wuyan wannan ta aron aka rataye sauran biyun. Ta kanta alat ke shigowa, ta kanta lambar OTP ke zuwa idan za a fitar da kuɗi, da ita ake buɗe WhatsApp, da ita ɗalibi ke karɓo lambar rajistar JAMB. A OPay da PalmPay ma lambar wayar ce lambar asusun, sifirin farko kawai ake cirewa.

A dokar sadarwa ta 2003, wadda ta ba Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ikon da take da shi yanzu, lambobin waya dukiyar ƙasa ce. NCC ke yanka su rukuni-rukuni ta ba kamfanoni, shi ya sa aka san 0803 da MTN, 0802 da Airtel, 0805 da Glo, 0809 da tsohon Etisalat, duk da cewa tun 2013, da aka ba mutane damar ƙaura daga kamfani zuwa kamfani da lambarsu, farkon lamba ya daina zama tabbacin inda layi yake. Kamfani yana biyan hukuma kuɗi a kan lambobin da ke hannunsa, ko suna aiki ko suna kwance, don haka layin da ba ya kawo ko sisi asara ne a wurinsa. Ƙa'idar NCC ta ba shi mafita. Idan layi ya yi wata shida ba a yi wani abu mai kawo kuɗi da shi ba, wato ba a kira da shi ba, ba a kira shi an ɗauka ba, ba saƙo, ba data, ana iya dakatar da shi. Idan ya ƙara wata shida a haka, a karɓe lambar a sake sayar da ita ga wani.

A takarda wannan ba laifi ba ne. Amma duba waɗanda abin ke faɗa wa: ɗan ci-ranin da ya tafi Libiya ko Saudiyya, ɗalibin da ke karatu a Masar, wanda ya daɗe yana jinya, wanda ke tsare, da mai layi biyu da ya jefa ɗaya a aljihun tebur ya manta cewa da shi ya buɗe asusunsa na farko. Lambar ta koma hannun wani saurayi a Sabon Gari, sai ya fara ganin alat na kuɗin da ba nasa ba. Idan mai tsoron Allah ne, ya share. Idan ba haka ba, ya danna *565*0#, lambar da ake duba BVN da ita, BVN ɗin tsohon mai layin ta fito masa a fuskar waya, domin na'ura lambar wayar ta sani, ba ta san hannun da ke riƙe da ita ba.

In an yi ɓarna, sai a fara zagaye. Kamfanin waya zai ce ya bi ƙa'idar NCC, kuma gaskiya ya faɗa. Banki zai ce kai ne ba ka sanar da shi ka daina amfani da layin ba, kuma akwai wannan sharaɗin a takardar da ka sa wa hannu ba ka karanta ba. NIBSS, kamfanin da bankuna da Babban Bankin Najeriya suka mallaka tare, wanda ke riƙe da rumbun BVN tun da aka ƙaddamar da ita a 2014, zai ce shi ajiya kawai yake yi, banki ke sabunta bayanai. Kowa ya tsaya a kan dokarsa, kuɗi kuma sun tafi. Wannan shi ne siffar tsarin gaba ɗaya: an haɗa na'urorin hukumomi da kamfanoni da juna, amma ba a haɗa alhakinsu ba.

Yadda aka zo nan

Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan 2001, bayan kowannensu ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi, sim kaya ne kamar ashana, ka biya ka ɗauka, ba mai tambayar sunanka. Sai a 2011 NCC ta wajabta rajista da hoton fuska da na yatsu. Aikin ya faɗa hannun ejan-ejan a ƙarƙashin lema a bakin titi, ana biyansu gwargwadon yawan layin da suka yi wa rajista, ba gwargwadon ingancin abin da suka shigar ba. Duk wanda ya san yadda ɗan Adam yake ya san abin da zai biyo baya: hotuna masu duhu, sunaye a gurguje, yatsan mutum ɗaya a kan layi ɗari, da sim da aka riga aka yi wa rajista ana sayarwa a kasuwa.

A watan Oktoban 2015 NCC ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04, kimanin dala biliyan 5.2 a canjin lokacin, saboda ƙin rufe layuka sama da miliyan 5 marasa cikakkiyar rajista, naira 200,000 a kan kowane layi. Shugaban kamfanin na ƙasa da ƙasa, Sifiso Dabengwa, ya sauka daga muƙaminsa a watan da ya biyo baya. Shugaba Buhari da kansa, lokacin ziyarar shugaban Afirka ta Kudu Jacob Zuma a Abuja a Maris 2016, ya danganta layukan da ba su da rajista da ta'asar Boko Haram. Aka shiga ciniki, a watan Yunin 2016 aka daidaita a kan naira biliyan 330 da za a biya cikin shekara uku, tare da sharaɗin kamfanin ya sa hannun jarinsa a kasuwar hannun jari ta Najeriya, abin da ya yi a Mayun 2019.

Ana yawan kawo wannan a matsayin shaidar cewa gwamnati na iya tanƙwara babban kamfani. Haka ne, ta iya. Amma kashi ɗaya cikin uku na tarar aka biya, kuma kuɗin asusun gwamnati suka shiga. Idan da gaske layukan nan sun taimaka wajen kashe mutane, kamar yadda shugaban ƙasa ya faɗa, to waɗanda aka kashe wa 'yan uwa ba su cikin lissafin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai Disambar 2020. Ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta ba da umarnin kowa ya haɗa layinsa da NIN cikin mako biyu, aka kuma dakatar da sayar da sabon sim, dakatarwar da ta kai har Afrilun 2021. A lokacin layukan da ke aiki sun kai miliyan 200, waɗanda ke da NIN kuwa ba su kai miliyan 50 ba, bayan shekara 13 da kafa NIMC, hukumar da ke ba da NIN, a 2007. Wato aikin da hukuma ta kasa yi a shekara 13, an ba talaka kwana 14 ya kammala shi. Mutane suka yi dafifi a ofisoshin NIMC ana tsakiyar annobar korona, ma'aikatan hukumar su ma suka tafi yajin aiki a Janairu kan rashin kayan kariya da haƙƙoƙinsu. Aka yi ta ɗaga wa'adi. Ranar 4 ga Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. A ƙarshen Yulin 2024, kwanaki kaɗan kafin zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 ga Agusta, aka wayi gari an rufe layuka masu ɗimbin yawa, mutane suka cika ofisoshin kamfanoni har aka yi fashe-fashe a wasu wurare, NCC ta ce a buɗe su. Wa'adin ƙarshe ya kasance 14 ga Satumban 2024, kuma alƙaluman NCC na layuka masu aiki suka faɗo daga sama da miliyan 200 a farkon shekarar zuwa kimanin miliyan 155.

Me ya sa layin wanda ya riga ya haɗa NIN yake rufewa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa a bakin mutane, kuma amsarta tana cikin bambancin miƙa NIN da tantance ta. Idan ka tura lambarka ta *996#, miƙawa kawai ka yi. Daga nan kamfani zai aika lambar zuwa rumbun NIMC, NIMC ta dawo masa da suna, ranar haihuwa da hoton mai NIN ɗin, shi kuma ya gwada da abin da ejan ya rubuta ranar da aka yi wa sim ɗin rajista, ƙila shekara goma da suka wuce. Idan ba su dace ba, layin ya faɗa cikin waɗanda ba a tantance ba.

A ƙasar Hausa rashin dacewar nan ruwan dare ne, kuma ba don mutane na ƙarya ba. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a NIN, Mohammed a banki, Mamman a sim. A'isha tana iya zama Aishatu ko Aisha. Tsarin sunan Turawa yana neman sunan dangi tsayayye, mu kuwa wani ya sa sunan uba, wani na kaka, wani na garinsu, kuma mutum ɗaya yana iya yin duka ukun a wurare uku. Wanda aka haifa a gida, ba takardar asibiti, ejan ne ke zaɓar masa ranar haihuwa, shi ya sa 1 ga Janairu ta cika rumbunan bayanai, kuma ejan na biyu ba lallai ya zaɓi shekarar da na farko ya zaɓa ba. Mata da yawa na amfani da layin da miji ko ɗa ko ƙane ya yi wa rajista da fuskarsa. Yatsun manomi da na magini da na mai wankau sun side, na'ura ba ta karanta su da kyau, lalle ma yana hana ta gani. Sannan akwai ƙa'idar cewa NIN ɗaya ba ta ɗaukar fiye da layi huɗu a kamfani ɗaya, wadda ta kama magidantan da suka yi wa duk gidansu rajista da sunansu.

Gyaran kuma a wuyan mai layin yake. Idan kuskuren a wajen kamfanin waya ne, sai ka je ofishinsu a sake ɗaukar hotonka da yatsunka, wanda ga mutumin ƙauye yana nufin kuɗin mota da asarar yinin aiki. Idan a NIMC ne, biya za ka yi, kuma tun Mayun 2025 gyaran ranar haihuwa ya koma naira 28,574. Ejan da ya yi kuskuren an biya shi tuntuni.

Bayanan da aka tara, ina suka tafi?

Da aka tilasta wa jama'a miƙa bayanansu, an ɗauki amana. NIMC ba ita kaɗai ke taɓa rumbun ba. Tana ba bankuna, kamfanonin waya da wasu kamfanonin tantancewa lasisin shiga ta wata ƙofar kwamfuta, su tura NIN a dawo musu da bayanin mai ita. Wasu daga cikin masu lasisin suna sake raba wannan dama ga ƙananan wakilai, su ma su raba ga wasu. Kowane mataki ana samun kuɗi, kowane mataki kuma sa ido yana raguwa.

A Maris 2024 kafar binciken FIJ ta fallasa wani shafi mai suna XpressVerify da ke fito da bayanan NIN ga duk wanda ya biya. A watan Yuni ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wani, AnyVerify, yana sayar da bayanan NIN da BVN da makamantansu a kan naira 100, ta kuma ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani da ta shugaban hukumar kare bayanai Vincent Olatunji don ta tabbatar da maganarta. NIMC ta ce ba a kutsa cikin rumbunta ba. Mai yiwuwa haka ne, amma ga wanda aka sayar da hotonsa da adireshinsa da ranar haihuwarsa, ko ta taga ɓarawo ya shiga ko mai gadi ne ya ba shi makulli, kaya dai sun fita. Da irin waɗannan bayanan ne ɗan damfara ke kiranka ya ambaci cikakken sunanka da ranar haihuwarka, ka saki jiki cewa daga banki ne, ka karanta masa OTP.

Akwai maganin da NIMC ta fito da shi tun 2022 wanda mutane kaɗan ke amfani da shi: NIN ta wucin gadi, mai haruffa da alƙaluma 16. Ana samar da ita ta *346*3*, sai NIN ɗinka, sai lambar kamfanin da ke neman tantance ka. Tana mutuwa bayan awa 72, kuma kamfanin da aka yi ta dominsa kaɗai take yi wa aiki. Dabarar tana da kyau. Sai dai har yau a ofisoshi da makarantu da wuraren ɗaukar aiki kwafin takardar NIN ake nema, a tara su a kwali, wata rana a same su a wajen mai ƙosai.

Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar cikin awa 72 idan an samu ɓaraka mai haɗari, ya kuma sanar da mutanen da abin ya shafa idan haɗarin babba ne. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Hukumar ta yi amfani da ita: ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8 a 2024, da MultiChoice naira miliyan 766 a 2025. Duka kamfanoni ne masu zaman kansu. Mafi girman rumbun bayanan 'yan ƙasa kuwa a hannun gwamnati yake, kuma shugaban ƙasar da ke naɗa shugaban NIMC shi ke naɗa na NDPC. Ba nan ne za a sa ran ganin tara mai zafi ba.

Alƙawarin tsaro

Hujjar da aka kafa duk wannan wahala a kanta ita ce tsaro: idan kowane layi na da mai shi, mai garkuwa da mutane ba zai iya kira ya nemi kuɗin fansa ba. Kayan aikin suna nan a doka. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni ajiye bayanan kira da na masu layi na shekara biyu, ƙa'idar NCC ta 2019 kuma ta tsara yadda jami'an tsaro za su saurari kira da izinin alƙali. Kowane kira yana barin sawu: lambar da ta kira, lambar jikin wayar, da ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauke shi.

Amma sanin sunan da ke kan layi ba ya kama kowa. 'Yan bindiga sukan yi ciniki da wayar wanda suka sace, wadda NIN ɗinta ta wanda aka sace ce. Ƙarfen sabis a daji yana rufe kilomitoci masu yawa, don haka abin da yake nunawa yanki ne, ba gindin bishiya ba. Ko an gano wurin, sai an samu waɗanda za su shiga. Waɗanda suka kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 sun yi watanni suna magana da iyalan fasinjoji ta waya. A Janairun 2024 Pantami da kansa, bayan ya bar ofis, ya fito ya ce tsarin yana aiki, hukumomin tsaro ne ba sa amfani da shi yadda ya kamata. Idan wanda ya kawo tsarin ne ke faɗin haka, to majalisa na da hurumin ta nemi lissafi a bainar jama'a: sau nawa aka nemi bayanan layi, sau nawa suka kai ga kamu, sau nawa aka yi amfani da su a kan ɗan jarida ko mai sukar gwamna. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambaya a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa.

Da bin sawu ya gagara, sai aka koma kashe sabis ɗin ɗungurungum. An yi haka a Borno da Yobe da Adamawa a 2013 lokacin dokar ta-ɓaci. Ranar 3 ga Satumban 2021 NCC ta umarci kamfanoni su kashe dukkan ƙarafan sabis na Zamfara bisa buƙatar gwamna Bello Matawalle, da farko na mako biyu, daga baya abin ya bazu zuwa ƙananan hukumomi 13 na Katsina, 14 na Sakkwato da wasu sassan Kaduna. Masu POS suka rufe, tura kuɗi ya tsaya, mutanen Gusau suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa don su yi kira ɗaya. Ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar neman ɗauki, alhali a bakin iyaka sabis ɗin kamfanonin Nijar yana shigowa ga duk mai sim ɗin can. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran jihar sai wajen ƙarshen Nuwamba. Wasiƙa ɗaya daga hukuma ta isa ta yanke miliyoyin mutane daga kuɗinsu da danginsu, kamfanoni kuma ba su da ta cewa, domin lasisinsu na hannun mai wasiƙar.

Alƙali mai hannun jari

Nan ne ya kamata a fahimci dangantakar NCC da kamfanonin. Ita ce mai kare mai saye, ita ce kuma mai karɓar kashi 2.5 cikin 100 na kuɗin shigarsu duk shekara, ita ke sayar musu da zangon iska, wato hanyar da sabis ɗinsu ke bi a iska. A gwanjon 5G na Disambar 2021 MTN da Mafab kowanne ya biya dala miliyan 273.6. Kasuwar kuma ta taru a hannu biyu: MTN na da kusan rabin layukan ƙasar, Airtel kusan kashi ɗaya cikin uku. Hukumar da ke cikin wannan hali ba za ta so kamfanonin su durƙushe ba, kuma da gaskiyarta, domin faɗuwar naira da tsadar dizal da yankewar wayoyin ƙarƙashin ƙasa sun jigata su, MTN Najeriya ta bayyana asarar kimanin naira biliyan 400 a 2024. Shi ya sa a Janairun 2025 da suka nemi ninka farashi, aka amince musu da ƙarin kashi 50 cikin 100.

Rikicin USSD, wato lambobin tauraro irin su *565*0# da ake dannawa a waya, ya nuna inda nauyi ke sauka idan manya biyu suka yi faɗa. Tun Maris 2021 aka tsayar da naira 6.98 a kan kowace mu'amalar banki ta lambobin tauraro, banki ya cire daga asusun kwastoma ya miƙa wa kamfanin waya. Kamfanonin suka yi ta kukan cewa bankuna ba sa miƙawa, bashin ya kai wajen naira biliyan 250. A Janairun 2025 NCC ta yi barazanar ƙwace lambobin bankuna tara. Maganin da aka samu daga tsakiyar 2025 shi ne a riƙa cire 6.98 ɗin kai tsaye daga katin wayarka a kan kowane daƙiƙa 120. Yanzu mai ƙaramar waya da ba shi da kati ba zai iya taɓa kuɗinsa na banki ba, kuma shi ne dama wanda aka ƙirƙiro USSD dominsa.

Abin da ke hannun mai layi

Kullen fuskar waya, ko na yatsa ne ko na zane, ba ya kare sim. Ɓarawon waya a yau sau da yawa ba wayar ce ta dame shi ba, zare sim ɗin yake yi ya sa a 'yar ƙarama mai tocila, ya bi lambobin bankuna ɗaya bayan ɗaya ya ga wanne ne ke amsawa, ya gwada karɓar bashi a manhajojin lamuni da sunanka. Ƙa'idar Babban Banki ta 2018 ta taƙaita USSD a naira 100,000 a rana, ta kuma nemi ƙarin tabbaci a kan abin da ya haura 20,000, amma wannan rage asara ne kawai. Abin da ke tsayar da shi tun farko shi ne lambar sirri ta sim ɗin kansa, wadda ake kunnawa a sashen tsaro na saitin waya. Da zarar an kunna ta, duk wayar da aka sa sim ɗin sai ta nemi lambar. A yi hattara wajen saitawa: kuskure uku yana kulle shi sai da PUK, alƙaluma 8 da ke jikin babban katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki, kuskure goma a PUK kuma yana kashe shi har abada. Wanda ya yar da wannan katin ya nemi PUK ɗinsa a wajen kamfani kafin ya fara.

Idan waya ta ɓata, banki ake fara rufewa kafin layi, domin ɓarnar mintuna take ɗauka, ofishin kamfanin waya kuwa sai gobe. Yawancin bankuna na da lambar rufe asusu da ake dannawa daga kowace waya, da yawansu suna ƙarewa da 911, kamar *901*911# na Access da *966*911# na Zenith. A rubuta ta a takarda, ba a cikin wayar da za a sace ba. Bayan nan a kira 300, lambar kula da kwastoma ta bai ɗaya a duk kamfanoni, a rufe layin, sannan a je a yi walkam bak, wato a karɓo tsohuwar lambar a sabon sim, da NIN, inda za a gwada fuska ko yatsa, a tambayi lambobin da aka fi kira da katin ƙarshe da aka sa. Haka nan idan sabis ya ɗauke daga wayarka kai kaɗai alhali na kusa da kai suna da shi, kada ka jira, yana iya zama wani ne ya yi walkam bak da layinka.

Ƙorafi kuma yana da tsani, wanda ya tsallake mataki sai a dawo da shi. A harkar layi, kamfani ake fara kai wa, a karɓi lambar ƙorafin, idan bai warware ba a kira 622, layin NCC na kyauta, wanda abu na farko da zai tambaya shi ne waccan lambar. A harkar kuɗi, a rubuta wa banki takarda, a sa su buga hatimi a kwafinka da kwanan wata. Idan mako biyu suka wuce ba biyan buƙata, a kai sashen kare kwastomomi na Babban Banki tare da wannan kwafin. Idan bayananka aka yi wasa da su, NDPC ce wurin zuwa, kuma a nan dokar 2023 ta ɗan bambanta da abin da aka saba, domin ta ba hukumar ikon umartar a biya wanda aka cutar diyya, ta kuma bar masa ƙofar kotu a buɗe.

Wanda zai yi doguwar tafiya ya bar layinsa da rai, ko da saƙo ɗaya ne mai cin kuɗi duk bayan wata biyu ko uku, ko kuma ya je banki ya sauya lambar da ke kan asusunsa da BVN ɗinsa kafin ya tashi. Sauyawa a banki ɗaya ba ta wadatar ba, kowane asusu sai an bi shi, har da na OPay da ire-irensa. Magada su ma haka: idan mutum ya rasu, a sanar da bankunansa a rubuce don a dakatar da fitar kuɗi, a kuma ci gaba da sa wa layinsa kati, domin ta alat ɗin da ke shigowa ne sau da yawa ake gano asusun da iyali ba su san da shi ba. Kada a bar lambar ta koma kasuwa sai an rufe asusun ƙarshe an gama rabon gado.